Darasin Raddin Darwin a Islamiyya: Martani ga Malam

Allah gafarta Malam, na karanta maƙalarka da ka nemi abu biyu a cikinta. Ka nemi a cire ka'idar Darwin daga darasin bayoloji a sakandaren Jihar Kano, sannan a buɗe wa yaran Islamiyya, tun daga 'yan aji ɗaya, darasi na musamman na yi mata raddi. Ka kafa hujja da Turkiyya, ka kuma ba malamai shawarar su dogara da littattafan Harun Yahya. Damuwar da ta sa ka ɗauki alƙalami gaskiya ce. Duk mai zama da ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, ko da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ya san akwai waɗanda maganar Annabi Adamu da darasin bayoloji ke hana su sakat, ga shi ba sa iya furta ta a gaban malami don kada a ce sun fara lalacewa. Na yarda akwai ciwon. Maganin da ka kawo ne nake tsoron zai sa a je gyaran gira a rasa ido.

Mu fara da abin da mutumin ya faɗa, tunda ba a yanke wa kowa hukunci a kan "an ce ya ce". Ka rubuta cewa Darwin ya ce biri ne ya rikiɗa ya zama mutum, har ka tambaya me ya hana birran dajin Falgore rikiɗa zuwa yau. Littafinsa na 1859 da ƙyar ya taɓo asalin ɗan Adam. Sai a na 1871 ya shiga maganar sosai, kuma a can ma cewa ya yi mutum da manyan birrai sun haɗa kaka a can zamanin baya, ba wai birin da muke gani ne ya haifi mutum ba. Zan dawo kan wannan, domin nan ne saɓani na haƙiƙa yake. Amma babin farko na littafin 1859 a kan tattabaru yake da sauran dabbobin gida, shi kansa Darwin ya yi kiwon tattabaru. Abin da ya lura da shi bai da wuyar fahimta: 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zuwa iri ɗaya, 'ya'ya suna gadon siffofin iyaye, kuma abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya hayayyafa. Wanda siffarsa ta dace da inda yake shi ya fi barin baya, a kwana a tashi sai irinsa ya rinjaya.

Babu garin da ya kamata ya fi Wudil saurin gane wannan. A shiga kara ranar Juma'a a tsaya kusa da dillali. Tun daga nesa zai ce maka wancan bunaji ne, fari tas da baƙin kunne da baƙin hanci. Wancan ja mai dogayen ƙahoni rahaji ne, mai jure doguwar tafiya. Wancan mai guntun ƙaho da fatar wuya tana reto bokolo ne na ƙasar Sakkwato. Zai buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya faɗa maka shekarunsa. Waɗannan kamannun ba su tsaya haka kawai ba. Kaka da kakanni Bafulatani yana zaɓar bijimin da zai bari ya yi barbara, yana dandaƙe wanda bai yi masa ba. A kudu kuma akwai muturu, 'yan gajerun shanu marasa tozo da ke zaune lafiya a inda ƙudan tsando yake, alhali bunajin da aka kai can sammore zai kwantar da shi. A nan cutar ce ta yi mafi yawan zaɓen: mai jurewa ya rayu ya haihu, mara jurewa ya mutu. Abin da makiyayi ke yi da gangan, muhalli ma yana yi. Rabin ka'idar ke nan.

Na san abin da Malam zai ce: saniya dai har gobe saniya ce. Haka ne. Masana kimiyya kuma sun ce idan aka ba ƙananan sauye-sauyen nan miliyoyin shekaru, suna taruwa su raba zuri'a gida biyu, kuma suna kafa hujja da ƙasusuwan da ake tonowa da kwatanta ƙwayoyin gado na halittu. Ƙasusuwan nan ba a Landan kaɗai suke ba. A Gadoufaoua ta jihar Agadas an tono ƙwarangwal na dabbobin da suka shuɗe sama da shekara miliyan 100, har da wani ƙaton kada da ya ninka na yanzu tsawo, da wata dabba mai cin ciyawa da aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999. Wasu suna nan a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Mutum yana iya jayayya a kan fassarar da aka yi musu. Cewa Turawa ne suka ƙera su kuwa, wannan ba za ta yi tasiri ga yaron da ya je ya tsaya a gabansu ba.

Amma mu bar Agadas mu dawo gida, ga abin da ke cikin jininmu. Da wuya ka samu dangi a ƙasar Kano da ba su san sikila ba: yaro na kuka da ciwon ƙashi cikin sanyi, idanu sun yi ɗorawa, uwa na gasa masa gaɓoɓi da ruwan ɗumi har asuba. Tambayar ita ce, cutar da a da take kashe mafi yawan masu ita tun ba su isa aure ba, me ya hana ta ƙarewa? Me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da AS? Wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna a 1954 cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mugun zazzaɓin cizon sauro. An kuma gwada maganar a ƙasarmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin a ƙauyukan Garki, lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu tana Jigawa. Sun tarar kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun mai SS. Sun kuma tarar kason masu AS ya fi yawa a cikin manya a kan jarirai, domin zazzaɓi ya fi ɗibar yara masu AA. Sikila na rage ƙwayar gadon ta gefe guda, sauro na tsare ta ta ɗaya gefen. Wannan shi ne zaɓen muhalli da Darwin ya yi magana a kai, an auna shi a jinin Hausawa. Mumini zai ce sababi ne daga cikin sabubban da Allah Ya shimfiɗa a halittarSa, kuma ban ga inda faɗar hakan ta rage wa imaninsa komai ba. Tun 2024 ma dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na jinotayif. Takardar da waliyyai ke nema kafin a shafa fatiha, daga wannan ilimin ta fito.

Waɗanda suka manyanta ba su manta ɗacin kulorakwin ba, da ƙaiƙayin da ke sa mutum ya kwana yana susa. Ya yi aiki shekara da shekaru, sannan ya daina, har Najeriya ta koma maganin haɗi irin su Coartem a 2005. Maganin bai sauya ba. Ƙwayoyin cutar da suka iya jure masa su suka tsira suka hayayyafa, har suka cika gari. Haka sauro ke yi wa maganin da ke jikin gidan sauro, haka ƙwayoyin cuta ke yi wa kafso idan mutum ya je kemis aka yanko masa guda biyu, ya sha ya ji dama-dama ya bari. Yarinyar da za ta zama nas, da yaron da zai zama likitan dabbobi ko malamin gona, idan aka ɓoye musu wannan babin an aike su fagen aiki ba su san abokin karawarsu ba.

Ko da an so cirewar, ba a hannun Kano take ba. Manhajar sakandare daga hukumar NERDC take fitowa, tambayoyin kuwa WAEC da NECO da JAMB ke tsara su. WAEC ƙasa biyar take yi wa jarrabawa. In an yage babin daga littafin ɗan Wudil, tambayar ka'idar Darwin za ta zo masa dai, ranar da ɗan Ibadan da ɗan Inugu za su amsa ta. Turkiyyar da ka ambata ta cire babin daga aji tara a 2017, amma can manhaja da jarrabawa duk a hannun gwamnati ɗaya suke, kuma dalilin da jami'ansu suka bayar shi ne ya yi wa 'yan wannan shekarun nauyi, a bari sai jami'a.

Sai Harun Yahya. Sunansa na gaskiya Adnan Oktar, mutumin Turkiyya, bai kuma karanci ilimin halittu ba. Babban littafinsa, Atlas of Creation, ya fito a 2006, ƙato mai ƙyalli, aka riƙa aika shi kyauta makarantun Turai. Salonsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe: ga hoton halittar da ta daskare a dutse, ga hoton mai rai, to kun ga babu abin da ya sauya. Sai masu lura suka gano cewa daga cikin "ƙwarin" da ya nuna a matsayin masu rai akwai na roba, irin wanda masu kamun kifi ke ɗaurawa don yaudarar kifi, ga ƙugiyar nan a fili a jikin hoton. Duk masuncin da ke bakin gadar Wudil da an nuna masa zai gane ta. Wani abin da ya kamata Malam ya sani, tunda tsoron baƙin tunani ne ya tsayar da kai: yawancin hujjojin mutumin nan aro ne daga ƙungiyoyin Kiristocin Amurka da suka daɗe suna wannan yaƙin. An kama shi a 2018, a 2022 kuma kotun Istanbul ta yanke masa shekara 8,658 a kan laifuffukan da suka haɗa da lalata da mata da ƙananan yara. Laifin mutum ba ya rushe hujjarsa in mai ƙarfi ce. Tasa kam tun kafin a kama shi ta riga ta zube.

Yanzu a ɗauka an bi shawararka. An ce wa yaro ɗan shekara takwas Darwin ya ce kakanka biri ne, ƙasusuwan duk na bogi ne, babu wata halitta da ta taɓa sauyawa. Ya riƙe, domin daga bakin malamin da ya koya masa Fatiha ya ji. Bayan shekara goma sha ɗaya yana ɗakin gwaji a jami'ar garin nan, ya shuka ƙwayoyin cuta a faranti, ya ɗora musu magani, ya dawo washegari ya ga wasu sun mutu wasu sun yi ƙememe. Ya buɗe littafin Darwin ya tarar ba abin da aka faɗa masa ke ciki ba. Me kake zato zai ce a ransa? Ba zai tsaya a kan cewa malam ya yi kuskure a bayoloji ba. Zai fara tambayar sauran abin da malam ya faɗa masa. Masu amfani da kimiyya don tallar rashin addini, irin su Richard Dawkins, wannan yaron suke jira, kuma mu za mu shirya musu shi.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya hango wannan. A gabatarwar Tahafutul Falasifa, littafin da ya rubuta don ya yi wa masana falsafa raddi, ya ware batun husufi ya ce kada a yi jayayya da su a kansa. Masu lissafin taurari sun ce inuwar ƙasa ce ke faɗawa kan wata, suna kuma faɗar ranar da za a yi da tsawon lokacinsa, a kuma ga hakan. Ya ce wanda ya zo ya ƙaryata wannan da sunan kare addini, addinin ya cutar, domin masanin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi shakka. A ganinsa ɓarnar mai kare addini ta gurɓatacciyar hanya ta fi ta mai sukarsa. Da can in wata ya yi husufi yara kan fito da gwangwanaye suna kaɗawa wai rana ta kama wata. Yau limami na sanar da sallar husufi tun kafin a yi, bisa lissafin masana, kuma ba wanda imaninsa ya ragu.

Akwai wata magana da nake kawowa da taka-tsantsan, kada Malam ya ɗauka jingina shi nake da wasu. A hirarsa da BBC da aka yaɗa a 2009, Muhammad Yusuf, jagoran 'yan Boko Haram, ya lissafa abubuwan da ya ce sun haramta boko: cewa ruwan sama daga tururi yake, cewa duniya a dunƙule take, da ka'idar Darwin. A watan Yulin shekarar, lokacin da rikicin ya tashi a Bauchi da Maiduguri da Potiskum, Wudil na cikin garuruwan da aka kai wa ofishin 'yan sanda hari, aka rasa rayuka. Malaman da suka ƙalubalance shi, irin su marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, ba su ce a rufe makarantu ba, cewa suka yi a shiga a yi karatun da ilimi. Malam bai ce boko haramun ne ba, na sani. Amma darasin da zai nuna wa yaro cewa littafin safe da littafin yamma abokan gaba ne, sai ya zaɓi ɗaya, mutanen garin nan sun ga inda irinsa ya taɓa kaiwa.

Mu zo kan Annabi Adamu, alaihis salam. Ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba. Masana halittu sun tafi a kan cewa mutum ma yana cikin wannan jerin, zuri'arsa ta rabu da ta manyan birrai wajen shekara miliyan 6 zuwa 7. A hamadar Djurab ta Chadi, maƙwabciyarmu, aka tono ƙoƙon kan da ake kira Toumaï a 2001, suna kuma lissafa shi cikin hujjojinsu. Jumhurun malaman Musulunci kuma, da can da yanzu, sun tafi a kan cewa Allah Ya halicci Adamu daga ƙasa ba uwa ba uba, kuma ni a nan na tsaya. Aya ta 59 ta Ali Imrana ta kwatanta halittar Annabi Isa da ta Adamu. Musulmin likita ya san yadda ake samun ciki, yana koyar da shi, ya kuma yi imani Maryam ta haihu ba namiji. Bai taɓa cewa a cire darasin haihuwa daga makarantar likitanci ba. Mu'ujiza ba a auna ta a ɗakin gwaji, ba a kuma rushe ta a can. Wannan layin ba ni na ja shi ba. Sheikh Husain al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya rubuta Risalatul Hamidiyya a 1888, ya ce ko da sauyawar halittu ta tabbata ba ta kore Mahalicci ba, Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu kuma ya karrama shi a kan littafin. A zamaninmu David Solomon Jalajel a 2009 da Shoaib Ahmed Malik a 2021 sun bi nassoshi da ƙa'idojin Ahlus Sunna, suka nuna cewa nassi ya yi magana a kan Adamu da Hauwa'u, ya yi shiru a kan yadda kifi da tsuntsu da saniya suka samu kamanninsu. Akwai malaman da ba su yarda da su ba, kuma muhawara ce ta manya.

(Ga 'yan bokon da ke doki suna cewa ai Jahiz da Ibn Khaldun sun riga Darwin, su ma su sassauta. Ibn Khaldun ya yi maganar darajojin halitta daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum, amma ba zaɓen muhalli yake nufi ba. Cusa wa magabata abin da ba su faɗa ba shi ma rashin amana ne.)

Muhawarar manya ce, shi ya sa nake ganin ba ta da gurbi a ajin ƙananan yara, ko don a koyar da ka'idar ko don a yi mata raddi. A dubi yadda Islamiyya take. Yara sun taso boko da rana, sun ci abin da ya samu, bayan la'asar sun saka hijabi da 'yar hula sun taho. Awa biyu ce kafin magariba, Asabar zuwa Laraba. Malami ɗaya da allo ɗaya da yara cike da aji, kuɗin watan ma sai an bi iyaye. A cikin awa biyun nan ake son hadda da tajwidi da Ahalari ko Ishmawi da Arba'una da sira da ɗan Larabci. Yaron da bai gama rabe farillan alwala da sunnoninta ba, wanne za a rage masa a saka Darwin? Kuma ɗan shekara bakwai bai taɓa jin sunan nan ba. Darasin raddin ne zai fara saka masa maganar biri a kai. A ba shi ƙissar Annabi Adamu yadda ta zo, da sujadar mala'iku da girman kan Iblis da tuba, ta zauna masa daram. Wannan shi ne haƙƙinsa a wannan shekarun.

Inda ake buƙatar aiki shi ne sama, a ajin sanawiyya da majalisun matasa, lokacin da tambayar ta riga ta zo da kanta. Can ma a fara da malamai kafin ɗalibai. Garin da ke da jami'ar kimiyya tun 2001 bai rasa malaman bayoloji masu sahun gaba a masallaci, har da mahaddata. A haɗa su da malaman Islamiyya a zauna, wannan ya faɗi abin da ka'idar ta ce da iyakar hujjojinta, wancan ya faɗi abin da nassi ya yanke da abin da ya bari a buɗe, don in saurayi ya yi ƙarfin hali ya tambaya ya samu wanda ba zai daka masa tsawa ba, ba kuma zai ba shi labarin ƙarya ba.

Kafin a rubuta manhajar raddi, Allah gafarta Malam, a tara waɗanda za su koyar da ita a yi musu tambaya ɗaya, wadda iyaye ke kawo musu har ƙofar gida: saurayi AS, budurwa AS, suna son juna, dangin yaron kuma sun ce ai 'ya'ya uku na farko lafiya za su zo, sai na huɗu ne zai yi sikila. Malamin da ya san cewa kowane ciki da nasa rabon, ɗaya cikin huɗu ne a kowace haihuwa, yana iya faɗawa kan na fari, yana iya faɗawa kan biyu a jere, shi ne zai iya ba waliyyai shawara ta gaskiya. Babin gado da ke bayanin wannan, a littafin bayoloji na ajin ƙarshe, dab yake da babin da kake so a yage.